Hotunan Iyakar Gona a Kwamfutar Babanki

Birnin Gwari, Talata 24 ga Maris

Zakiyya! Ke Zakiyya, wai kina ina ne? Sau uku ina kiran wayarki jiya, matar nan ta cikin waya tana ce mini ba a samunki. Shi ne na ce bari in zauna in buga miki a kwamfuta da yatsuna biyun nan, ko la'asar zan kai sai na gama.

Assalamu alaikum. Ya Abuja, ya aiki, ya zafi? Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan tawa da ba ta son zaman kujera. An yi Sallah ba ke, na ajiye miki soyayyen nama har na gaji na cinye.

To ga abin da ya sa nake nemanki. Kwamfutocin shagon nan uku da Babanki ya bar mini, Allah ya jiƙansa, sun fara yi mini rashin kunya. Kullum na kunna sai wani rubutu ya fito ya tsaya a gabana. Na kira Muttaka mai gyara, ya ce wai kamfanin da ya yi tsarin da ke cikinsu ya daina kula da irin namu, sun tsufa, sabon tsarin kuma ba zai hau kansu ba sai an sayi sababbin injina. Na ce masa ni ma ai na tsufa, a je a sayo wata ta zauna a shagon.

Biyun gaba ban damu da su ba, buga takarda ne da katin biki. Ta lungu ce damuwata, ta Babanki. Kin dai san kafin mutanen ƙauyenmu na bayan Kutemeshi su watse, shekara shida ke nan, ya bi gona gona da 'yar kyamararsa yana ɗaukar iyakar kowa. Bishiya, dutse, suri, layin gamba. Ya ce wata rana za a koma, kuma ranar ba wanda zai tuna gaskiya. Hoto ɗari da sha bakwai. Bai sa wa ko ɗaya suna ba sai lambar da kyamara ta ba shi, saboda infoma na shigowa shago kamar kowa, in suka ga sunan mai babbar gona sai labari ya kai daji. Sai ya zana rafi da hanya a fuskar kwamfutar, ya ɗora kowane hoto a inda gonar take. Ya zaunar da ni ya koya mini, ya ce kar in gaya wa kowa. Ni ban san lambar ko ɗaya ba, amma ki ce mini gonar wane, in kai miki yatsa.

Yanzu da aka yi sulhun nan mutane sun fara komawa. Gwaggonki Saude ta je ta tarar Nababa maƙwabcinta ya riga ta, ya share rabin gonarta ya haɗa da tasa, ya ce haka ya gada. Mijinta ya rasu, dattawan da suka sani wasu sun mutu wasu suna Funtuwa. Dagaci ya sa zama ranar Juma'a 17 ga watan gobe, kafin ruwa ya sauka, ya ce kowa ya zo da shaidarsa. Marayu biyar gare ta, gonar nan ce kawai. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, yayanta ya bar mata shaida. Hotunanta huɗu ne, can sama da gwiwar rafi. Tawadar kala nake jira daga Kaduna in fitar mata, don in na buga da baƙa bishiya kan fito kamar gawayi.

Ki gaya mini yadda zan yi da injinan nan. Ki ci abinci.

Ummanki

Abuja, Alhamis 26 ga Maris

Umma, wa alaikumus salam. Ina lafiya, ki yi haƙuri, wayata ce ke kashe yawancin yini. Gwiwar nan ki riƙa ɗora ta kan kwali in kin zauna. A gaida Gwaggo Saude, Allah ya ba mai gaskiya gaskiyarsa.

Kin zo a daidai. Aikin da ya hana ni zuwa Sallah ke nan, kwamfutocin ofishinmu arba'in muke sauya wa tsari. Mun bar na kamfani mun koma wani da ake kira Linux. Shi ba na mutum ɗaya ba ne, jama'a ne suka haɗu suka yi, kowa na iya ɗauka, ba lasisi, kuma yana tafiya a tsohuwar na'ura ba nauyi. Ba sai kin sayi komai ba. Akwai abin buga takarda a ciki, firintarki ma na duba za ta yi aiki.

Gobe zan ba direba filas biyu na kwamfuta, irin wanda ake zuba takardu da hotuna a ciki, ya kawo miki. Ɗaya na sabon tsarin ne, ɗaya babba ba komai a ciki. Ki ba Muttaka, ya san aikin. Sharaɗi ɗaya ne: kafin ya yi wa kowace fomat, wato ya goge komai na cikinta, ya kwashe duk abin da ke cikinta ya zuba a babban filas, ya ƙirga, ya tabbata sun cika. In ya gama ya mayar. Haka muka yi a nan, ko takarda ɗaya ba ta salwanta ba. Hotunan Baba ma haka, ba abin da zai ɓata, ki ɗauka daga bakina.

Ina sauri, ana jira na a bene na uku.

'Yarki, Zakiyya

Birnin Gwari, Laraba 1 ga Afrilu

Zakiyya, kin tashi lafiya? Saƙo ya iso, Allah ya yi miki albarka. Amma direban Kaduna ya manta tawada, ya ce sai zuwa na gaba, wai kansa ya ɗau zafi a hanya. Wanda ke bin hanyar nan dai ba a yi masa faɗa.

Muttaka ya yi wa biyun gaba ranar Litinin. Da wannan sabon naki nake buga miki yanzu. Gaskiya yana da sauri, da kafin ta farka sai in share shago in dawo, yanzu ko tsintsiya ban ɗauka ba ta buɗe ido. Amma komai ya canza wuri, kamar ki yi tafiya ki dawo ki tarar baƙuwa ta gyara miki kicin. Jiya sakataren 'yan hatsi ya kawo takardar taro, na yi ta neman inda ake ƙara wa rubutu ƙiba, yana tsaye a kaina yana cewa, Hajiya ko in je in yi azahar in dawo? Na ce ka haɗa da la'asar. Daga baya na gano. Firinta ta yi gardama yini ɗaya sannan ta haƙura.

Ta Babanki ban bari ya taɓa ba. Ya ce Hajiya ita ce ma ta fi buƙata, ba ki ji yadda take kuka ba? Gaskiya tana wata ƙara a ciki kamar ɓera na cin ƙwarya, jiya sau biyu tana ɗaukewa. Na ce sai na ji daga 'yata.

Ga tambayata, ki amsa mini da Hausa ba da ta ofis ba. Na lura da ya mayar da takardun biyun gaba sun cika cif, amma ba a inda na saba ganinsu ba. To hotunan Babanki fa? In ya kwashe ya mayar, za su koma kowa wurinsa, na Saude sama da gwiwar rafi, na su Suhaibu bakin hanya? Ko sai an gaya musu? Ban iya tambayar Muttaka ba, don sai na faɗa masa ko mene ne, ni kuma an ce kar in faɗa. Ba wai ina zarginsa ba ne, amma garin nan kin san shi.

Saude ta zo jiya da ɗan daddawa. Har ta sayi irin masara, wai tana jin ƙanshin ruwa.

Ummanki

Abuja, Alhamis 2 ga Afrilu

Umma, KAR A TAƁA TA BABA. Na kira ki ya fi sau goma ba ya shiga. Wurin da hoto yake zaune a fuska ba ya bin hoton zuwa filas. Kafin komai ki ɗauki wayarki ki ɗauki hoton fuskar kwamfutar gaba ɗaya, kusa kusa, yadda lambobin za su fito. Ki rubuta lambobin na Gwaggo huɗu a takarda. Ki kira ni da kin ga wannan. Don Allah Umma.

Zakiyya

Birnin Gwari, Asabar 11 ga Afrilu

Zakiyya, yau da hantsi sabis ya dawo. Kwana tara ba waya ba komai, wasu su ce mai ne ya ƙare a ƙarfen sabis, wasu su ce wani abu ne daban, ba wanda ya sani. Yanzu na ga saƙonki na kar a taɓa.

An taɓa, Zakiyya. Tun ranar Litinin.

Bari in gaya miki yadda aka yi, kar ki ce na yi gaggawa. Ranar Litinin ta ɗauke ta ƙi tashi, sai da Muttaka ya buɗe cikinta ya hura ya yi 'yan dabarunsa sannan ta farfaɗo. Ya ce Hajiya wannan tashin na ƙarshe ne, in ba a kwashe yau ba wallahi ba ruwana. Na fita na hau kan tudun bayan kasuwa da gwiwar nan ina ɗaga waya sama ko zan same ki, ba ko sanda ɗaya. Na dawo na ɗauko wasiƙarki ta farko, da ma na fitar da ita a takarda, na karanta sau uku. Kin ce ba abin da zai ɓata, in ɗauka daga bakinki. Na ce to wurin zama ma ai abu ne. Na ce masa bismillah.

Ya ƙirga a gabana, ɗari da sha bakwai. Ya yi fomat, ya sa sabon, ya mayar, ya sake ƙirgawa, ɗari da sha bakwai. Har yana murna, yana cewa kin gani ko Hajiya, ko ɗaya bai yi ciwon kai ba. Ƙarar ma ta ragu, ya ce ashe tsohon tsarin ne ya yi mata nauyi.

Na duba. Ga su nan sun yi layi, daga sama zuwa ƙasa, kamar buhuna a sito. Ba rafi, ba hanya. Na kai yatsa inda na Saude suke, na tarar da wani suri da ban san ko na wa ba ne. Na ce Muttaka mayar mini da su yadda suke. Ya ce yadda suke kamar yaya? Sai a nan na gaya masa. Ya cire hularsa ya riƙe, ya ce Hajiya don me ba ki faɗa ba, da ko da waya na ɗauka, aikin minti ɗaya ne.

Tawada ta iso jiya.

Ban gaya wa Saude ba. Ke kin yi karatun abin nan, kwamfuta arba'in kika yi. Ki faɗa mini wane madanni ne ke mayar da su. Saura kwana shida.

Ummanki

Abuja, Litinin 13 ga Afrilu

Umma, ya jikinki? Ki ci wani abu ko kaɗan ne.

Ba madannin da zai mayar da su. Ba zan ɓoye miki ba. Tsohon tsarin ne yake riƙe da wurin zaman kowane hoto a cikin kansa, ba a jikin hoton ba, kuma an goge shi an rubuta sabo a kai. Na tambayi wanda ya fi kowa sani a ofishinmu, na tambayi wasu a waje. Duk amsa ɗaya.

Laifina ne. Wasiƙarki ta farko a tsaye na karanta ta a waya, tsakanin kwamfuta biyu. Na ga hotuna, na ce hotuna ai kwashewa ake yi. Jiya na sake karantawa, ga shi kin faɗa ƙarara, ya ɗora kowanne inda gonar take. Ke kin gaya mini, ni ce ban ji ba. Ba laifin Muttaka, ba na sabon tsarin.

Ga abin da ya rage a gwada. Zanen Baba na rafi da hanya yana cikin filas, Muttaka ya nemo ya mayar a fuska, ko idonki zai tuna. Ya duba ranar da aka ɗauki kowane hoto, in Baba gona gona ya bi, na Gwaggo za su zo a jere. Ki kira Gwaggo ta duba da kanta, gonarta ce. Na turo miki hoton da na ɗauke ki a shago bara, fuskar kwamfutar ta fito a bayanki.

Na nemi hutu an ce sai an gama bene na huɗu. Zan sake roƙo.

Zakiyya

Birnin Gwari, Alhamis 16 ga Afrilu

Zakiyya, ina kwana. Ki daina cewa laifinki ne, ba na son ji. Ni ce na riƙe magana a baki har ta ruɓe. Babanki ya ɓoye wa mutanen daji, ya ɓoye da kyau, har ya ɓoye wa ƙanwarsa.

Duk abin da kika ce mun yi. Ranar ɗauka, duka ɗari da sha bakwai rana ɗaya suka nuna, ɗaya ga Janairu, wata shekara tun kina firamare. Ashe bai taɓa saita agogon kyamarar ba, kin san shi da agogo. Lambobin ma ba su taimaka ba, don ba a jere ya bi gonakin ba. Duk ranar da aka ce gefen kaza lafiya, can yake zuwa, ya ɗauki biyu ya gudo, wani sati ya koma wani gefen. Hoton da kika turo, ni na fito sosai har da tabon goshina, kwamfutar a baya kamar an watsa gero a tabarma.

Zanen ya dawo. Layi biyu ne kawai, shuɗi da ja, ya karkace wajen gwiwar rafi inda hannunsa ya goce. Da na gan shi ba komai a kai sai na tashi na shiga bayan shago na ɗan jima. Na dawo na fara jan hotuna da maus ina ɗorawa. Goma sha ɗaya na iya, masu wata alama, kamar mai rijiya da mai karyayyar kuka. Sauran na kasa. Shekara shida ina kallonsu, ashe ba hoton nake kallo ba, wurin nake kallo. Akwai ɗaya da inuwarsa ta fito a ƙasa, da hularsa, ya ɗaga gwiwar hannu. Shi ma ban san gonar wa ba ce.

Talata na kira Saude, na ce ta zo ta taya ni zaɓen wanda ya fi fitowa. Ƙarya na yi mata, Allah ya yafe mini. Ta ce iyakarta da Nababa bishiyar ɗorawa ce da dutse a gindinta. Na tara mata duk mai ɗorawa da dutse, tara suka zama. Ta matso da fuskarta har hancinta na taɓa gilashi, ta ce wannan ce, sai ta ce a'a wannan, sai ta yi dariya ta ce Yaya Juwairiyya ke dai fitar mini da wanda Yaya Audi ya ce, ni idona ya mutu, shi ai ba ya kuskure, Babanki take nufi. Ita ɗorawar ma ta ce masu gawayi sun sare ta, kututture ya rage, dutsen kuma Nababa ya ce bai taɓa ganin dutse a wurin ba. Hoton ne kawai zai nuna inda suke da tudun da ke bayansu.

Muttaka ya ce in zaɓi ɗaya kawai in ba ta, wa zai gane, ɗorawa ɗorawa ce. Na ce masa dagaci zai aiko a tambaye ni, ni ce matar mai hoton, za a ce in rantse. Kuma a cikin taran nan akwai ta ɗaya gefen gonar Nababa, na san akwai, Babanki bai tsallake kowa ba. In ita na miƙa, da hannuna na ba shi gonar marayu. In ta wani ce, na tayar da wata rigimar a kan mutumin da bai san hawa ba bai san sauka ba. In na ba ta duka tara, Nababa zai ce shaidar da ba ta san kanta ba ai ba shaida ba ce, kuma gaskiyarsa.

Na dai fitar da su duka da sabuwar tawada. Sun fito kyau Zakiyya, ban taɓa ganin firintar nan ta yi aiki haka ba, har ganye ana ƙirgawa. Ga su a kan tebur tun safe ina jujjuya su.

Yau za ta bi motar ƙarfe goma ta kwana a ƙauye, saboda zaman da safe ne. Ta ce za ta biyo ta karɓa. Jiya da yamma hadari ya haɗo ta gabas, bai zuba ba, amma kowa ya gani. Na rufe ƙofar shago don kar masu katin biki su dame ni in samu in yi tunani, ban yi tunanin komai ba, sai buga miki nake. Ambulan ɗin na rubuta sunanta a baya, cikinsa ba komai. Tun asuba nake shirya yadda zan fara, in ce mata Saude zauna, ko in ce mata

Ana buga ƙofa. Ita ce, na ji ƙarar buhun irin da ta sauke. Tana cewa Yaya buɗe mana mota za ta tashi.

Bari in